Ɗan Italiya a Bakin Rijiyar Malam Idi

Ranar wata Talata ce da hantsi, bayan daminar tamanin da huɗu, wadda gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mu biyu ne a rumfar gyara da ke unguwar Zango a Damagaram, ni da maigidana Baba Kyari, wanda na yi aparanti a hannunsa, na kuma zauna tare da shi bayan ya yaye ni. Babu aiki a gabanmu. A shekarar nan wanda ya turo babur rumfarmu mai saye yake nema. Sai ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofa, Malam Idi na Mirriya yana biye da shi a ƙasa. A kan amalanken an ɗaure jan baburin nan da kuke gani a kusurwa, wanda muke kira Ɗan Italiya.

Ku 'yan kabu-kabu da aparantin yanzu kuna shigowa kuna shafa tankinsa, kuna cewa, "Baba Lawali, a tayar mana mu ji." Da yawanku kuna ganin gyaran babur abu ne mai sauƙi: a kwance abin da ya lalace, a jefar, a sayo sabo a kasuwa a ɗaura. Baburan da kuke hawa don haka aka ƙera su, ban kuma raina su ba, suna ciyar da gidaje. Wannan kuwa waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka cewa duk wanda zai buɗe shi mai haƙuri ne.

Silinda ɗaya gare shi, da haƙarƙarin ƙarfe kewaye da ita, kuma iskar da ke ratsa haƙarƙarin nan ita kaɗai ke sanyaya shi. Ku dubi supap ɗinsa, ƙofofin da esansi, wato fetur, ke shiga hayaƙi ke fita. A baburanku ƙarfe ne ke tura ƙofar ta buɗe, rasor, wato sifirin, ya mayar da ita. A nan hannu biyu ne, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya rufe, don kada ƙofar ta makara komai gudun injin. Tsakanin hannun da ƙofar akwai 'yan zobban ƙarfe da ake gogawa a kan dutsen wasa wuƙa, a auna, a sake gogawa, har ratar ta yi ƙasa da kaurin takardar sigari. Wanda ya yi gaggawa ya goge fiye da kima, zoben ya tashi aiki, kuma babu shagon da zai sayar masa da wani. Bitesi, abin da mutanen Kano ke kira giya, a ƙafar dama yake, birki a hagu. Duk wanda ya hau shi karon farko, idan ya je taka birki bitesi yake canzawa.

Wasu Italiyawa masu haƙar rijiyoyi ne suka zo da shi Damagaram kafin farin. Ɗayansu ya koya wa Baba Kyari aikin supap ɗin, da hannu da nuni, domin Faransancinsu su biyun bai kai na ciniki ba. Malam Idi shi ne direbansu, da za su tafi suka bar masa baburin. Bai taɓa jin daɗinsa ba. Hannuwan tuƙinsa a ƙasa suke, mai hawa sai ya kwanta a kan tanki kamar mai ruku'u, kuma a rairayi nutsewa yake. Amma kowace shekara yakan kawo shi a canza mai, ni kuma in hau kwalta zuwa Mirriya in dawo don ya buɗe maƙogwaro.

Malam Idi Bafulatanin gari ne, Baba Kyari kuwa Babarbare, saboda haka ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Bawana, gawa ka kawo mini?" in ji Baba Kyari.

"Ubangidanka ne ya kawo maka aiki. Tashi ka gaishe shi."

Suka yi dariya kaɗan, sannan Malam Idi ya zauna a benci ya faɗi abin da ya kawo shi. Shanunsa sun ƙare. 'Yan uwansa na Droum sun taso sun sauka gidansa, har da yayarsa Adda Hajara da jikokinta. Yana da fili a fadamar Mirriya da rijiya marar zurfi, kuma a shekarar an yi ta kiran mutane su koma noman rani, an raba irin dankali da kabeji. Sun shuka, ya fito. Amma masu jan guga ba su da ƙarfin da za su shayar da filin duka, domin mai ci sau ɗaya a yini ba ya daɗewa a bakin rijiya. Yana da famfon da Italiyawan suka bari, injinsa ya mutu tuntuni.

"Ina so a ciro injin wannan," ya ce. "A yanke ƙarfen da ya riƙe shi, a ɗaura shi a kan katako ya ja mini famfo. Ni ba gudu nake nema ba."

Baba Kyari yana da doka ɗaya da duk wanda ya yi aparanti a wurinsa ya haddace: a rumfarsa ba a yanke abin da za a iya kwancewa. Duk abin da aka cire daga jikin inji, ko ƙusa ce, a tsoma shi a gwangwanin mai a rufe.

"Ruwa za ka samu, Idi," ya ce. "Amma ba zan sa zarto a jikinsa ba. Farin nan zai wuce, kai kuma za ka dawo kana tambayata ina sauran baburinka."

"In na kai lokacin."

"Fulani ba sa mutuwa da wuri. Allah ya bar ku don ku dame mu."

A lokacin idon Baba Kyari ya fara rauni, saboda haka shi ke tsarawa, ni ke aikatawa. Muka sami tsohon gadon ƙarfe muka yi wa baburin mazauni, ƙafar baya a sama. Na cire tayar na bar janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, tsirara, muka ɗora masa faffaɗar igiyar injin niƙa ta tafi zuwa famfo. Babban abin tunani shi ne iska. Babur da ke tsaye wuri ɗaya ba ya samun iskar hanya, sai mu kawo masa. Na ciro fanka daga wani mataccen kamiyo, wato babbar motar kaya, muka haɗa ta da ƙaramar igiya daga sandar famfon, wani maƙerin farfaru ya yi mana rumfar gwangwani da ke tattara iskar ta zuba a kan silinda. Bakin karbiratar ɗinsa a buɗe yake kamar kakaki, domin masu shi sun ƙera shi don hanyoyin da babu rairayi. Na kwance kakakin, na yi masa matata da gwangwanin madara da soson wanka da aka jiƙa da mai. Taya, fitila, kakaki da ƙusoshinsu duk suka shiga ajiya.

Na bi amalanken zuwa Mirriya na kafa shi a bakin rijiyar. Na tayar, na sa bitesi na biyu, na murɗa hannun esansi har injin ya ɗauki muryarsa ta gaskiya, mai kaifi, wadda ake ji daga nesa. Ruwa ya fito ya bi kwalbatin ƙasa zuwa fangalin dankali. Na ce wa Malam Idi, "Nan za ka riƙe shi, Malam. Bitesi na biyu, hannu a nan. Ka bar shi ya yi kukansa." Ya gyaɗa kai, idonsa yana kan ruwan.

Makonni suka wuce ba mu ji komai ba. Dankali ya rufe ƙasa, ya fara fure, lokacin da ya fi bukatar ruwa ke nan. Sai direban wata ƙaramar motar Mirriya ya tsaya a rumfa ya ce Malam Idi na gaishe mu, wai Ɗan Italiya yana ƙwanƙwasawa.

Washegari ranar kasuwar Mirriya ce, motoci da yawa, na isa tun rana ba ta yi zafi ba. Daga bakin fadamar na ji shi, kuma abin da na ji bai yi mini daɗi ba. Injin yana tafiya a hankali, dum, dum, dum, kamar daka a gida mai nisa, kuma a ƙarƙashin kowane dum akwai wani ƙaramin sauti kamar ana buga cokali a tukunya. Da na ƙarasa ban ma ga baburin ba. An kewaye shi da zana, an yi masa rufi, an lulluɓe injin da jiƙaƙƙun buhuna. Igiyar fanka tana rataye a reshen bishiya. Na kashe shi, na janye buhunan da sanda domin hannu ba ya taɓuwa. Bitesi yana kan na ƙarshe.

"Malam, wa ya cire igiyar fanka?"

"Ni ne. Na ga famfo kaɗai ya ishe shi kaya."

"Buhunan fa?"

"Rana, Lawali. Kai ma in aka tsayar da kai a nan tun safe za ka so a rufe ka." Ya nuna injin. "Kukan nan da ka bar shi yana yi, ban iya jurewa ba. Haka bijimina na ƙarshe ya yi kafin ya kwanta. Sai na lura in na kai shi bitesin ƙarshe na sassauta hannu, ruwa yana zuwa, shi kuma ya huta. Esansi ma ya ragu."

Babu wauta a cikin abin da ya yi. Duk wanda ya yi kiwo ya san yadda ake lallaɓa dabba a shekarar yunwa: a rage mata kaya, a kai ta inuwa, a bar ta ta tafi a hankali. Da injin niƙa ne ko tsohon injin famfon, da ya gode masa. Amma Ɗan Italiya don gudu aka yi shi. Famfon da ke kai mai cikin gaɓoɓinsa da juyin injin yake juyawa, in injin ya yi sanyin tafiya mai ba ya isa inda ake bukata. Sannan kowace fashewar esansi, maimakon ta wuce cikin juyi, sai ta sauka kamar taɓarya a kan rulmar da ke gindin biyal, wato sandar da ke haɗa fistan da ƙarfen juyi. A cikin rulmar nan, wato zoben da biyal ke juyawa a kai, akwai 'ya'ya, ƙananan sandunan ƙarfe masu santsi. Su ne ke ƙwanƙwasawa. Na zubar da man a cikin ƙwarya na kai shi rana, sai ga ƙyalli a ciki kamar an barbaɗa garin azurfa.

Na gaya masa yadda abin yake. In aka ci gaba, zai iya kaiwa mako, zai iya tsayawa kafin azahar, kuma ranar da ya tsaya biyal ɗin zai fasa cikin injin, babu mai gyara shi a ƙasar nan. In na ɗauke shi yau, zan yi ƙoƙari, amma filin zai yi kwanaki a hannun guga, ban kuma yi alkawarin zan sami 'ya'yan rulmar ba. Iyaka a rufe take a lokacin, ko da a buɗe take ma ban san mai sayar da irinsu a Kano ba.

Malam Idi ya dubi fangalin, ya dubi baburin. Adda Hajara ce ta yi magana. Doguwar tsohuwa ce, siririya, tana tsaye da fartanya tun da na zo.

"Idi, tun ranar da ka fara yi wa ƙarfen nan lalle da lulluɓi na ce maka amarya ka samu. To ga shi ta yi yaji." Ta juyo gare ni. "Ɗana, in ka ɗauke shi, zai dawo kafin ganyen dankali ya kwanta?"

"Zan yi iyakar yina, Adda."

"Ɗauke shi. Salati da tumatir a bar su, ba a taɓa ƙoshi da ganye ba. Kabeji rabin da ke kusa da rijiya. Duk mai hannu biyu a gidan nan dankali zai shayar, har kai Idi."

"Adda, tumatir ɗin nan ya kusa nuna."

"Ya nuna a lahira."

Na kwance injin daga jikin baburin, ƙusa bayan ƙusa, kuma a nan dokar Baba Kyari ta biya mu, domin da an yanke an liƙe da wuta a kan wani ƙarfe, da aikin ya ci yini. Na rungume shi a cinya cikin mota har Damagaram.

Ƙarfen juyi na wannan injin gida biyu ne da aka matse a kan sanda ɗaya, sai an raba su kafin a kai ga rulmar. Ba mu da injin matsi. Muka yi amfani da abin ɗaga kamiyo a cikin wani firam na ƙarfen dogo da ke bayan rumfar wani mai walda. Da ya buɗe, muka tarar 'ya'yan sun yi tabo, wasu sun yi shuɗi saboda zafi. Sandar kanta da zoben biyal ɗin sun sami ƙujewa amma ba ta yi zurfi ba. Na goge su da takardar yashi mafi laushi da mai, a hankali, har farce ya daina tsayawa a kansu.

Sauran 'ya'yan. Na ɗauki ɗaya mai ɗan lafiya da ma'aunin kauri na shiga wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa a bayan tasha. Na buɗe akwatunan bitesi na matattun motoci ɗaya bayan ɗaya. A cikin na wani tsohon kamiyo na sami rulma mai 'ya'ya masu kaurin da nake nema, sai dai sun ɗan fi tsawo. Na kwaso duk abin da ke ciki. A rumfa na auna kowanne, na ware waɗanda suka yi daidai, Baba Kyari kuma ya karɓe su yana mirgina su a kan gilashin taga da ɗan yatsa. Ido ba ya gani, amma yatsan yana jin abin da ma'auni ya tsallake. Wanda ya yi tsalle ko kaɗan sai ya ture shi gefe.

"Wannan Bafulatani ne," yakan ce. "Ba ya zama wuri ɗaya."

Waɗanda suka tsira na rage tsawonsu a kan dutse, ɗaya bayan ɗaya, ina tsoma su a ruwa kada su yi zafi su saki. Muka sake matse ƙarfen juyin, sannan aikin da ya fi cin rai ya zo, wato daidaita gidajen biyu su juya kamar abu ɗaya. Ana ɗora shi a kan mazauni, a juya, a ga inda ya karkata, a buga da gudumar tagulla, a sake juyawa. Bugu ɗaya da ya wuce kima yana mayar da kai farko. Ina wannan aikin ina sane da cewa a Mirriya tsofaffi da mata suna jan guga. Wannan sanin ba ya sa guduma ta yi sauri, sai dai ya sa ta kuskure, shi ya sa Baba Kyari ya hana a ambaci Mirriya a rumfar har muka gama. Da na rufe injin na sake duba zobban supap, domin zafin buhunan ya taɓa su.

Da na koma, salati ya zama kamar takarda, tumatir ya zube. Ganyen dankali ya sunkuya amma bai kwanta ba. Tafin hannun Malam Idi duk ya fashe. Na ɗaura injin, na mayar da igiyar fanka, na rushe zanar na bar rufin sama kawai. Na tayar, na bar shi ya ɗumama, na sa bitesi na biyu na murɗa. Muryar ta dawo, babu cokali a ƙarƙashinta. Ruwa ya bi kwalbati.

Ina kallon Malam Idi. Bai daɗe ba fuskarsa ta canza, hannunsa ya fara tafiya wajen hannun esansin.

"Lawali, ko kaɗan ba za a rage ba? Ji yadda yake yi."

"Lafiyarsa ke nan, Malam. Ranar da ka ji ya yi shiru-shiru, ranar za ka ji tsoro."

"Na ji da kunne. Zuciyata ce ba ta ji ba."

Adda Hajara ta ajiye fartanya ta zo ta tsaya tsakaninsa da baburin.

"Ɗana, nuna mini inda ake riƙewa."

Na nuna mata. Ta zare jan zare daga bakin zanenta, ta ɗaura a jikin ƙarfen daidai inda alamar hannun ta tsaya, ta ƙulle.

"In ya wuce nan fa?"

"Ki dawo da shi."

"In bai kai ba?"

"Ki ƙara."

"Shi ke nan? Wannan ne ya gagari direban Turawa?" Ta dubi ƙanenta. "Idi, je ka can ƙarshen fangali ka juya ruwa, inda ba za ka ji ba. Ni na binne miji da 'ya'ya, ban da sauran tausayin da zan ba ƙarfe."

Daga ranar Malam Idi ke tayar da shi da safe, domin bugun ƙafar yana son nauyi, sai ya wuce ƙarshen fili. Adda Hajara ta zauna a kan turmi kusa da shi, tana duba zaren, tana taɓa igiyar fanka, tana kashe shi in fangali ya ƙoshi. Kowace ranar kasuwa nakan zo in canza mai, in wanke soson, in kai man rana in duba. Ƙyallin bai sake fitowa ba. Mutanen fadama sun saba da kukan har suna cewa Adda ta fara waƙa.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku masu koyo, ya fi ƙarfin kile, wato sifana, da guduma. Kafin ka taɓa inji ka tambayi kanka don me aka ƙera shi, domin abin da ke hutar da wani shi ke kashe wani. In za ka canza masa aiki, ka canza ta hanyar da zai iya komawa yadda yake. Kuma in ka miƙa shi ga mai shi, ka dubi mutumin kamar yadda ka dubi injin.

An haƙe dankalin kafin zafi ya shigo. Gidan Malam Idi da baƙinsa na Droum sun ci, sun kai saura kasuwa sun sayo gero, ya kai su damina. Da ruwa ya sauka, amalanken jaki ya sake tsayawa a ƙofar rumfa. Baba Kyari ya sa na buɗe gwangwanin mai, muka mayar da taya, fitila da kakaki, babu ƙusa ɗaya da ta ɓata. Na hau kwalta zuwa Mirriya na dawo. Malam Idi bai sake hawansa ba, kuma kafin rasuwarsa ya ce a bar shi a wurina. Zaren Adda Hajara yana nan a hannun dama, ya koɗe, kada wanda ya cire shi.

Shekaru bayan haka wani Ba'italiye da ke wucewa zuwa arewa ya gan shi a rumfa. Ya durƙusa a gabansa ya daɗe yana kallo. Ya ce a ƙasarsu irin wannan a ɗakin gilashi ake ajiye shi. Na ba shi labarin 'ya'yan rulmar, ya ce bai kamata ƙarfen kamiyo ya zauna a cikin irin wannan inji ba, zai aiko da na asali. Ya cika alkawari, suka iso cikin ƙaramin kwali. Suna nan a gwangwanin mai a kan kanta. Na kamiyon har yau ba su ƙwanƙwasa ba.